Tsohuwar mota a Yendi, Salaga da Bawku: dokar hayaƙin da ba ta taɓa leƙa salansa ba

A farkon watan Afrilun 2025 shugaban Ghana John Dramani Mahama ya sa hannu a kan dokokin da suka soke wasu haraji da gwamnatin da ta gabace shi ta ɗora. Biyu daga ciki ne suka mamaye baki: harajin tura kuɗi ta waya da na cacar wasanni. Na ukun, wato harajin hayaƙin ababen hawa, ya tafi shiru, babu wanda ya yi masa zaman makoki. Wata 14 kacal ya yi a duniya, daga 1 ga Fabrairun 2024 da hukumar tara haraji ta GRA ta fara aiki da shi zuwa ranar da aka binne shi.

Harajin ya tafi, hayaƙin yana nan. Duk wanda ya tsaya a tashar Yendi da sassafe ana ta da injinan motocin Tamale da Bimbilla, ko ya bi bayan motar doya a hanyar Salaga, ko ya ga tirelolin albasa suna lallaɓawa ta Bawku, bai buƙatar na'ura kafin ya san haka. Abin tambaya shi ne me ya sa ƙasar da ta yi shekara da shekaru tana kafa dokoki a kan tsofaffin motoci har yau babu wadda ta rage baƙin da ke fita daga salansa a arewacinta. Amsar, a ganina, ita ce dokokin nan duk takarda suke dubawa: shekarar da aka ƙera mota, girman injinta, rasit ɗin biyan kuɗi. Babu wadda ta sunkuya ƙarƙashin mota ta ga abin da ke can.

Mota ɗaya, ƙaddara biyu

A ɗauki motar da kowa ya sani a tashoshin Ghana, Benz 207. Asalinta jerin ƙananan bas ne da kamfanin Mercedes ya ƙera a Jamus daga 1977 zuwa 1995, waɗanda a Ghana ake haɗa su duka a kira su 207 ko da lambar da ke jikinsu daban ce. Ke nan ƙaramar cikinsu ta cika shekara 30 a 2025. A manyan hanyoyi ƙanwarta Sprinter ta ture ta, amma a hanyoyin ƙauye da ranakun kasuwa har gobe tana ɗaukar mutane da buhuna da awaki.

Da wannan motar ta yi zamanta a ƙasar haihuwarta, da yanzu ta zama 'yar gata. Tun 1997 Jamus ke da lamba ta musamman mai harafin H a ƙarshe, wadda ake ba motar da ta kai shekara 30, idan ƙwararre ya duba ya shaida tana cikin ƙoshin lafiya kuma ba a sauya mata kama ba. Mai irin wannan lamba harajinsa na shekara ƙayyadadde ne, kusan Yuro 192, kuma yana shiga tsakiyar biranen da aka hana masu hayaƙi shiga ba tare da an tare shi ba. A Faransa ma haka abin yake da takardar da suke kira carte grise de collection: shekara 30, an daina ƙera irinta, ba a canza muhimman sassanta ba. Maimakon binciken lafiya duk shekara biyu, sai duk shekara biyar, kuma birane da dama da suka kafa yankunan taƙaita hayaƙi, waɗanda ake kira ZFE, sun ɗaga mata ƙafa. A Birtaniya sai mota ta kai shekara 40, daga nan an yafe mata harajin hanya, an kuma yafe mata fam 12 da rabi da tsohuwar mota mai hayaƙi ke biya a Landan duk ranar da ta fito.

Ba don hayaƙin waɗannan motoci ya fi tsabta aka yi musu sassauci ba. An yi ne don ba su da yawa, kuma ba kullum suke kan titi ba. Mai su yana da wata motar ta zuwa aiki. Wannan ta ranar Lahadi ce da bikin aure da baje koli. Sharaɗin da aka gindaya shi ne a bar ta yadda take, inji da jiki da salansa, sai gyaran da ya dace da zamaninta. Akwai wani togaciya mai ban sha'awa a dokar Jamus: an yarda mai tsohuwar mota ya ƙara mata matatar hayaƙi ba tare da ya rasa lambarsa ta H ba. Ma'ana, gyaran da zai rage hayaƙi ba ya karya sharaɗin.

A Yendi lissafin a juye yake. Tsohuwar mota ita ce ta kullum, babu wata a gida. Kuma ba ta kai wannan shekarun ba sai don an sauya mata kama: an ƙara kujeru, an ƙara ganyen sifirin don ta ɗauki kaya, an ɗora mata karaga a sama, wata ma injin da ke cikinta ba nata ba ne, daga Suame Magazine ta Kumasi ko Abossey Okai ta Accra aka kawo shi. Abin da zai sa a ƙwace lambar tarihi a Jamus, shi ne abin da ya raya motar a Dagbon.

Akwai kuma igiyar da ta ɗaure ɓangarorin biyu, wadda ba a cika faɗa ba. Dokokin biranen Turai sun karɓi sabuwar mota, sun girmama tsohuwa tukuf, sai suka bar na tsakiya a rana: waɗanda suka tsufa da shiga gari amma ba su kai a kira su kayan tarihi ba. Da yawa daga irinsu ne ake lodawa a Antwerp da Amsterdam da Hamburg zuwa Tema da Lome da Kwatano. A ƙasashe masu magana da Faransanci har suna aka yi musu, France au revoir. A Najeriya a ce 'yar Beljiyam ko tokumbo. Rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar a Oktoban 2020 ya ƙiyasta cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Masu binciken sufuri na gwamnatin Holan da suka duba motocin da ake shirin lodawa zuwa Afirka a wannan lokacin sun tarar yawancinsu tsakanin shekara 16 ne zuwa 20, da yawa ba su da takardar lafiya mai aiki, wasu kuma an riga an yanke musu matatar hayaƙi tun ba su hau jirgi ba.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin mota

A nan ya kamata a ɗan tsaya, don maganar hayaƙin mota ba abu ɗaya ba ce, kuma haɗa ta wuri guda shi ne ya ɓatar da masu tsara doka.

Matsala ta farko ta motocin fetur ce. Tun daga farkon shekarun 1990, lokacin da Turai ta kafa mizanin da ake kira Euro 1, kusan kowace motar fetur tana fitowa da wani kumburi a jikin salansarta. A cikinsa akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe shi da ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Idan ya yi zafi, iskar da ta fito daga inji ta ratsa shi, sai ya juya mafi yawan gubarta zuwa abin da bai kai ta cutarwa ba. Kanikawan Najeriya suna ce masa indomi, saboda kamarsa da dunƙulen taliyar. Wannan abu yana da maƙiya uku. Na farko man da ke da dalma, wanda ke kashe shi gaba ɗaya; Ghana ta daina sayar da irinsa tun farkon shekarun 2000, sauran ƙasashen kudu da Sahara suka kammala a farkon 2006. Na biyu farar wuta mai yawa a cikin mai. Na uku, kuma wanda ya fi ƙarfi yanzu, kasuwa. A Maris na 2021 farashin rodiyam ya kusa dala 30,000 kowane oza, a Maris na 2022 faladiyam ya haura dala 3,000. Farashin ya sauko daga baya, amma al'adar ta riga ta kafu: akwai mai saye, akwai mai cirewa, kuma mai mota sau da yawa bai ma san an taɓa ba.

Wani lokacin da saninsa ake yi. Injin da ya tsufa yana shan baƙin mai, tokar ta toshe ramukan, mota ta rasa ƙarfi a hawa. Bakanike, ko fita kamar yadda ake ce musu a Ghana, yana da zaɓi biyu: ya sa a sayo sabuwa, wadda kuɗinta zai iya cinye ribar watanni, ko ya fasa cikin ya zazzage, mai walda ya liƙe. Mota ta dawo da ƙarfinta a yammacin ranar. Babu wanda zai zargi direban da ya zaɓi na biyu, musamman idan hanyar da yake bi kanta tana cin salansa: ramuka da duwatsu da gargadar hanyar da ba ta da kwalta suna karya bututun ƙasa fiye da komai a jikin mota. Abin da ba a gaya masa ba shi ne motocin zamani suna da na'urar da ke shinshinar iskar salansa don ta daidaita man da inji ke sha, kuma idan aka lalata ta a wajen wannan aiki, abin da aka tsira da shi a gareji a gidan mai ake biyansa.

Matsala ta biyu ta tsofaffin motocin dizal ce, irin su 207 da manyan motocin doya da taraktocin noma. Waɗannan ba a cire musu komai ba, don ba su zo da komai ba. Baƙin hayaƙinsu man da bai ƙone da kyau ba ne: nozul ta cinye tana zubar da mai maimakon fesawa, matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, an murɗa famfon mai don mota ta ja kayan da ya ninka ƙarfinta, ko an gauraya man da kananzir. Babu harajin da ke gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gyaran nozul da canjin matatar iska suna gyarawa, kuma suna rage shan mai, wanda shi ne yaren da direba ke ji.

Ta uku kuma, wadda dokokin Accra suka fi mantawa da ita, ita ce arewacin Ghana ƙasar babur ce. A Tamale da Yendi da Salaga, mata da maza, malami da ɗan kasuwa, babur suke hawa. Sai masu ƙafa uku, na fasinja da ake kira yalo-yalo ko Pragya, da na kaya da ake kira Motor King ko aboboya, waɗanda suka maye gurbin jaki da amalanke a ƙauyuka da yawa. Idan ana maganar iskar da yaro ke shaƙa a bakin titin kasuwa, su ne kusa da hancinsa.

Harajin da ya auna inji bai auna hayaƙi ba

Da wannan a zuci, a duba dokar da aka soke, mai lamba 1112 ta shekarar 2023. Babur da mai ƙafa uku sidi 75 a shekara. Mota ko bas da injinta bai wuce cc 3,000 ba sidi 150. Wadda ta wuce haka, da manyan motocin kaya da tireloli, sidi 300. An kuma ɗora wa masana'antu da ma'adinai da makamashi sidi 100 a kan kowane tan na iskar da suke fitarwa. Hanyar karɓa ita ce hukumar lasisi ta DVLA da cibiyoyin gwajin mota su nemi shaidar biya kafin su ba da takardar lafiyar mota.

Injinan dizal na 207 duk ba su kai cc 3,000 ba. Ke nan wadda ke tafiya da gajimare a bayanta da sabuwar Corolla mai cikakkiyar matata kuɗi ɗaya suke biya. Direban da ya kashe kuɗi ya gyara nozul da wanda bai taɓa buɗe bonet ba, kuɗi ɗaya. Motar da ke fita sau ɗaya a mako da mai zuwa Tamale sau biyu a rana, kuɗi ɗaya. Mai babur a Salaga yana biyan rabin abin da bas ke biya, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mai Land Cruiser ke biya a Accra. Tun da kuma a wajen sabunta takarda ake karɓa, wanda bai taɓa yi wa baburinsa rajista ba, kuma irinsa ba kaɗan ba ne a garuruwan kan iyaka, bai san ana yi ba. Mai bin doka ne kaɗai aka kama.

Ƙungiyar direbobi ta GPRTU ta yi barazanar ƙara kuɗin mota, ta kuma tuna wa gwamnati cewa tun 2021 ana cire fesuwa 10 a kowace lita da sunan tsafta da gurɓatar muhalli. Hujjarsu tana da ƙarfi. Gaskiyar magana, harajin ɗan zamaninsa ne: Ghana ta kasa biyan basussukanta, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a Disamban 2022, a Mayun 2023 asusun IMF ya amince da rancen dala biliyan 3, ana neman kuɗin shiga ta kowace kafa. An nemi kuɗi, aka sa masa rigar muhalli. Ba shi ne na farko ba. A 2018 an ɗora haraji a kan motoci masu manyan injina da sunan na alfarma ne, a 2019 aka janye. Shi ma girman inji ya duba.

Wani abin lura ya biyo bayan sokewar. A tsakiyar 2025 majalisar da ta soke harajin hayaƙi ta amince da ƙarin sidi 1 a kan kowace litar fetur da dizal don biyan basussukan ɓangaren wutar lantarki, aka fara karɓa a watan Yuli. A yi lissafi: bas ɗin da ke shan lita 40 a rana zai biya sidi 40 kullum, cikin kwana huɗu ya wuce abin da tsohon harajin ke karɓa a shekara. Ya zo ne lokacin da darajar sidi ta tashi, farashin mai ya sauko. Abin dariyar shi ne wannan harajin da babu ruwansa da muhalli ya fi wancan kusa da ƙa'idar mai ɓatawa shi ke biya, don wanda ya fi ƙona mai shi ya fi biya. Sai dai ko sisinsa ba a ware don gyaran iska ba.

Dokar shekaru da iyakar da ba ta da ƙofa

Ɗaya hanyar da Ghana ta gwada ita ce tare tsofaffin motoci a bakin teku. An daɗe ana cin tarar motar da ta wuce shekara 10 a kwastan, tarar tana hawa da shekaru. A 2020 aka gyara dokar kwastan, mai lamba 1014, don a hana shigo da motocin da suka yi haɗari da waɗanda suka wuce shekara 10 kwata-kwata. Manufar a fili take: a buɗe kasuwa ga kamfanonin da aka gayyato su haɗa motoci a cikin gida, Volkswagen da ya fara a 2020, Toyota a 2021, Nissan a 2022. Dillalan motoci da 'yan kayan gyara suka yi ca, zaɓen Disamba yana tafe, aka jingine hanin.

A wannan shekarar ce kuma ministocin ƙungiyar CEDEAO ko ECOWAS suka zauna a Ouagadougou a watan Fabrairu suka amince da mizani ɗaya ga yankin: farar wuta a mai kada ta wuce kashi 50 cikin miliyan, motar da za a shigo da ita ta kai mizanin Euro 4, shekarunta kada su wuce 5 ga ƙananan motoci da 10 ga manya, an kuma ba ƙasashe shekara goma su kai ga wannan iyakar shekaru. A ɓangaren mai Ghana ta riga ta wuce gaba. Bayan rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar a 2016 kan ƙazamin dizal da ake sayar wa Afirka, Ghana ta sauke mizaninta na man da ake shigowa da shi daga 3,000 zuwa 50 a 2017. Idan za a yi adalci, wannan shi ne mataki ɗaya tilo da ya taɓa kowace salansa a ƙasar, daga Tema har Pusiga, kuma babu direban da aka tare a hanya saboda shi.

Dokar shekaru tana da masu kare ta, kuma ba su rasa hujja ba: jami'in kwastan ba ya buƙatar na'ura kafin ya karanta shekara, ga Kenya mai iyakar shekara 8, ga Côte d'Ivoire mai shekara 5 tun 2018. Amma shekara ba ta faɗin abin da ke cikin salansa. Mota mai shekara 12 da matatarta ta fi mai shekara 7 da aka zazzage tsabta. Kuma idan aka toshe shigowar masu araha ba tare da an samar da madadi ba, waɗanda ke ƙasa ba za su yi ritaya ba, ƙara musu shekaru za a yi. Mai 207 a Yendi ba tsakaninta da sabuwar bas daga Tema yake zaɓi ba. Tsakaninta ne da Sprinter mai shekara 15. Hana shi ta biyun zai bar shi da ta farko.

Bawku ta ƙara wa lissafin wani ƙulli. Gari ne da ke tsakanin iyakoki biyu, Burkina Faso ta Kulungugu, Togo ta Pulmakom, ga kasuwar Cinkassé a tsallake. Babura da kayan gyara da jarkokin mai suna bin farashi ne, ba sa bin dokar Accra. Manyan motocin da ke ratsawa da albasa da dabbobi zuwa kudu, ko da kayan tashar Tema zuwa Sahel, da yawansu lambar Burkina ko Nijar ko Mali gare su, kuma tun 29 ga Janairun 2025 ƙasashen uku suka fice daga CEDEAO a hukumance, don haka mizanin Ouagadougou bai ɗaure su ba, duk da a babban birnin ɗayansu aka tsara shi. Sannan rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sa dokar abin hawa da mutanen Bawku suka sani ba ta hayaƙi ba ce: dokar hana fita ce, da hanin da hukumomin tsaro suka yi wa maza na hawa babur a cikin gari a 2022, da tafiyar da wani lokaci sai da rakiyar sojoji. A irin wannan hali, mai motar da ya yarda ya shiga hanyar ba sabuwa zai sa ba.

Salaga kuwa ta san abin da sauyin hanyar sufuri ke yi wa gari. A ƙarni na 19 nan ne fataken Hausa daga Kano da Katsina ke sauke ayarinsu su sayi goron Asante. Bayan Ingila ta ci Kumasi a 1874 da yaƙin basasar 1892, ciniki ya watse zuwa Kintampo da Yeji da Kete-Krachi, garin bai sake komawa yadda yake ba. Yau doya ce arzikin yankin, kuma kafin ta kai Tamale, ko ta bi Makango ta haye tafkin Volta a jirgin fito zuwa Yeji, sai tsohuwar mota da tarakta sun ɗauko ta daga gona. Duk abin da ya ƙara kuɗin wannan ɗauko, daga aljihun manomi ake cire shi, don mai saye a Accra ba zai ƙara masa ba.

Wannan ba hujja ce ta a bar hayaƙi ba. Bankin Duniya a nazarinsa na 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska na kashe kusan mutum 16,000 a Ghana kowace shekara kafin lokacinsu. A arewa kaso mai yawa na wannan daga murhun itace da gawayi yake, da ƙona daji, da ƙurar hunturu, ba daga mota ba. Amma mai tallar koko a tasha da yaron mota da mai walda suna shan na mota a kan wancan. Talakan da harajin ya cuta shi ne dai talakan da hayaƙin ke cuta.

Inda za a iya farawa

Kayan aikin suna nan, amfani da su ne ba a yi ba. Motar haya a Ghana tana zuwa neman takardar lafiya duk wata shida, ta gida duk shekara. A nan ne ya kamata bututun awo ya shiga salansa, ba rasit ba. Na'urar auna duhun hayaƙin dizal ba ta kai kuɗin mota ɗaya ba. A fara da gargaɗi na shekara ɗaya ko biyu, a sa mizanin da tsohuwar mota mai gyara za ta iya tsallakewa, don idan aka sa wanda babu mai kai wa, an buɗe kasuwar cin hanci ne kawai. Wannan shi ne abin da ya cancanci a aro daga tsarin Jamus, ba lambar H ba: ana auna kowace mota da mizanin zamaninta, ana kuma buɗe ƙofa ga gyaran da zai rage hayaƙi.

A tashar Tema, duba ko matata tana nan aikin minti biyar ne. A ɓangaren masu turowa, Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da ƙudiri a Yulin 2023 na hana fitar da motar da ba ta da lafiyar hawa titi. Ƙasashen da ake turo wa ya kamata su fi kowa matsa lamba a kai. Sai rage kuɗin fito a kan nozul da matatar iska da matatar hayaƙi, da sa ido a kan masu sayen cikin salansa a kasuwar gwangwan. Su kuma kanikawan Tamale da Yendi da Bawku, waɗanda a hannunsu duk wannan zai tabbata ko ya rushe, ba a taɓa sa su cikin lissafi ba, alhali ƙungiyoyinsu suna nan kuma sun fi kowace hukuma sanin wace mota ce ke shan baƙin mai.

A Janairun 2025 hukumar kare muhalli ta Ghana ta samu sabuwar doka, mai lamba 1124, da ta faɗaɗa ikonta. Wa'adin shekara goma na CEDEAO ya ci rabi. Dokar 1014 kuma jingine ta aka yi, ba a goge ta ba, kuma kamfanonin da suka kafa masana'anta a Tema bisa alkawarinta ba su daina tuna wa gwamnati ba. Ko ba jima ko ba daɗe maganar tsofaffin motoci za ta dawo majalisa, inda Mahama Ayariga, ɗan majalisa mai wakiltar Bawku ta Tsakiya, ya zama jagoran masu rinjaye a farkon 2025.